Lasifikar da ke Gefen Direba

A shekarun saba'in ina jan lori tsakanin ƙauyenmu da garin Managil, ranar kasuwa in ɗauki mutane, sauran ranaku buhunan dawa da gyaɗa. Yayana ya dawo daga aikin Hajji da rikodar mota mai cin kaset, da lasifika biyu a kwali. Shi ba shi da mota, sai ya ba ni. Na ɗaure rikodar kusa da sitiyari, na rataye lasifika ɗaya a hagu, ɗaya a dama inda nake zama, na jawo wuta daga batir.

In lori na tsaye, murya garau take fita. Da na taka totur sai wani siririn kuka ya taso kamar na sauro, yana hawa da sauka tare da inji. Dattawan da ke zama gaba don sauraron wa'azi suka fara cewa in kashe kawai.

Na kai wa wani usta, wato gwanin sana'a, mai gyaran rediyo a bayan kasuwar birnin Madani, Bahaushe ɗan Sinnar, mutum mai ƙarancin magana. Ya sa na tada inji, ya saurara, ya bi wayoyin da yatsa. Ya ce na kwantar da wayar rikoda a jikin ta dinamo, wadda kuma ya kamata ta taɓa ƙarfe na ɗaure ta a kan fenti. Ya kankare fentin da wuƙa, ya raba wayoyin, kukan ya ɗauke. Lasifikar hagu tana karkarwa in kiɗa ya yi nauyi, sai ya yanko tsohuwar roba ya sa tsakaninta da ƙarfe.

Bayan mako biyu na koma. Na ce masa ta dama ba ta fita sosai, kamar an rufe ta da bargo. Ya zauna a mazaunina ya saurara, ya ce shi bai ji komai ba, amma ya sake mata waya. Mako na gaba na sake komawa da magana ɗaya, raina a ɗan ɓace.

"Je ka sha shayi, ɗan'uwa," in ji shi.

Da na dawo ya kunna kaset, ya tambaye ni wacce ce ba ta fita.

"Ta dama mana, Usta."

"Na musanya su. Wannan ita ce ke hagu ɗazu."

Na ce to rikodar ce ke da ciwo. Ya kwance agogon hannunsa ya kara mini a kunnen hagu, na ji yana bugawa. Ya kara a na dama. Na jira, na ce masa agogon ya tsaya. Ya nuna mini allurar tana tafiya.

A hanyar gida, gefen babbar hanyar ruwa, na tuna matata ta sha cewa tana yi mini magana ina yin banza da ita. Da na faɗa mata abin da ya faru, ta ce ta fi shekara da lura, ta ɗauka na sani ne ba na son a faɗa.

Likita a asibitin Madani ya leƙa kunnen, ya tambayi shekarun da na yi a kan inji, ya ce jin ba zai dawo ba. Ya ce in riƙa toshe na hagu da auduga in tafiya ta yi tsawo. Auduga kuwa ba ta yi mana wuya a yankinmu na Jazira, inda ake nomanta.

Na ci gaba da jan lori shekaru da yawa bayan haka. Fasinjoji a tasha ta tagar dama suke zuwa su yi mini magana, sai in juyo gaba ɗaya in fuskance su kafin in amsa. Da yawansu sun ɗauka ladabi ne, ni kuma ban gyara musu ba.