Kawu Bakwai da Tanderun Minti Ashirin da Biyar

Sunansa Lam Hoa Sanh, amma a duk garin Lai Thieu takardar gwamnati ce kaɗai ke kiransa haka. Kawu Bakwai kowa ya sani. Shekara talatin da huɗu ya yi yana gasa randuna a dogon tanderun babansa, mai cin itace kwana uku ba tsayawa, ya kuma ɗauki kwana huɗu kafin ya huce. Leƙawa kawai yake yi ta ɗan rami ya kalli launin wutar, ya ce a ƙara itace ko a bari, kuma ba mai musa masa. Da hayaƙi ya ishi sababbin maƙwabta aka rufe tanderun, sai ya koma gida ba aikin fari ba na baƙi, daga shan kofi sai faɗa da kaji.

Diem, 'yar ƙanwarsa, ita ta tsamo shi. Ita ce shugabar sashen gashi a wani ƙaramin kamfani a Saigon mai ƙera wa likitoci haƙoran tangaran. Ta bugi ƙirji gaban maigidanta, mai kamfanin, ta ce kawunta ya fi kowa a ginin sanin wuta. Ba ƙarya ta yi ba, sai dai ba irin wannan wutar ya sani ba.

Ranar farko ta nuna masa tanderun, ɗan akwatin ƙarfe da bai kai firij ɗin gidansa ba. A jera haƙora masu taushi kamar alli a faranti, a danna maɓalli, zafi ya haura da gudu, haƙoran su tsuke su yi tauri, a fito da su bayan minti ashirin da biyar.

"Minti nawa?"

"Ashirin da biyar, Kawu."

"Ke 'yar nan, ko romon ƙashi ba ya dahuwa a haka."

"Ba romo muke sayarwa ba. Kai dai danna."

Ya danna, amma ransa bai kwanta ba. Ya ƙwanƙwasa haƙori da farce ya kara a kunne, bai ji komai ba. Ya nemi ramin leƙa wuta, babu. Ina aka taɓa ganin ƙasa ta nuna tun kofi bai huce ba? Tausayin mutanen da za a sa wa ɗanyen haƙori a baki ya kama shi, har da tausayin Diem, yarinyar da ya tabbata masu sayar da inji sun yi wa wayo.

Bayan abincin rana ma'aikata kan shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin tebura su ɗan rintsa. Shi ba ya kwanciya. Ya lura da yadda Diem ke taɓa allon injin, to sai ya riƙa ƙara wa gashin tsakar rana awa ɗaya da ɗan zafi. Bai gaya wa kowa ba, don a ganinsa mutumin kirki ba ya tallar alherinsa.

Bayan wata biyu likitoci suka fara maido da kaya. Wani haƙorin launinsa ya kauce, wani ya tsage tun ana gwada shi. Maigida ya gaya wa Diem ko ta gano matsalar kafin ƙarshen wata, ko ta sauka daga kujerarta. Ta sauya kayan haɗi, ta kira mai gyaran inji, duk a banza. Kawu Bakwai ya same ta zaune da kwanon taliya ya sandare a gabanta.

"Ci abinci, ɗiyata. Ai tun ranar farko na faɗa miki ba sa nuna. Ki gode ma ina ƙara musu wuta da rana, da yaya kike gani za su zama?"

Ta ajiye tsinken cin abincin a hankali. "Kana me?"

Ba ta ɗaga murya ba, kuma shi da ta yi ihu da ya fi masa sauƙi. Ta sa ya gasa sanda biyu na gwaji, ɗaya a minti ashirin da biyar, ɗaya yadda yake so. Ta ɗora su a injin matsa. Tasa ce ta fara karyewa, tun ba a je ko'ina ba.

"Sauri shi ne dabarar, Kawu. Ƙwayoyin garin tangaran su manne da juna suna ƙanana, a janye wuta. In ka daɗe sai su yi girma, abin ya yi rauni."

"To wuta ta yi yawa ke nan?"

"Ta yi yawa."

"Amma haƙuri ne ke gasa ƙasa. Haka babana ya koya mini."

"Gashin randa ya koya maka."

Ya ɗauki guntayen biyu yana juyawa. A idonsa duk ɗaya suke, kuma wannan ya fi karyewar tsorata shi.

Ya ce ta gaya wa maigida shi ne mai laifin. Ta ce ita ta kawo shi, don haka tare suka shiga ofishin. Ba a kori kowa ba. An bar wa Diem kujerarta da takardar gargaɗi, aka kulle allon injin da lambar sirri, aka mayar da Kawu Bakwai ɗakin baya inda ake naɗe haƙora da auduga a sa a kwali.

Da yamma ta goya shi a babur zuwa tashar bas. Suna tsaye a cunkoson bakin gada ya matso kusa da kunnenta.

"Diem, in wutar ma ban sani ba, to me na sani?"

Ta ji shi sarai. Ta gyara hular kwanonta, ta danna wa motar gabanta ham, ta yi kamar ƙarar titi ce ta shanye maganar.