Ranar da Inna ta riƙe mini waya

Ina tsugune bayan rumbunmu a 'Yargoje da kwamfuta kan cinya, don nan kaɗai sabis ke kamawa, sai ga Inna ta biyo ni.

Suna na zo, ƙanwata Hauwa'u ta haihu. Ana tsakiyar hidima aka kira ni daga wurin aiki. Ni ke kula da manhajar da wasu asibitoci ke ajiye bayanan marasa lafiya a ciki. Wani ya cusa mugun umarni a gurbin rubuta suna, manhajar kuma ta adana shi ba ta tace ba. Duk jami'in da ya buɗe shafin gudanarwa, umarnin zai sace izinin shigarsa ya miƙa wa ɓarawon.

"Kai ko abinci ba ka ci ba," in ji Inna. "Mi ya faru?"

Na ce mata wani ke neman hanyar karanta sirrin marasa lafiya, har da matan da ke zuwa awo.

"Har da na Hauwa'u?" in ji ta.

"Har da nata, Inna."

Sai ta karɓi wayar da nake jan sabis da ita, ta ɗaga sama. In hannu ya gaji ta sauya ɗaya, baƙi na ta cigiyarta cikin gida. Haka ta tsaya har na goge umarnin na toshe kafar.

Da na ce ba a kai ga bayanan kowa ba, ta yi hamdala, ta murza kafaɗarta, ta koma ciki.

Allah ya saka wa iyayenmu. Ku fa, wane aiki mahaifiyarku ta taɓa taya ku alhali ba ta san kansa ba?