Takardar da Baba Ya Buɗe

Shekara guda na yi ina karatun ilmin halittu a wata jami'a ta cikin jiharmu, kuma wallahi ban taɓa wayar gari ina sonsa ba. Likitanci nake so. Tun da 'yan bindiga suka sa yankinmu gaba, likitoci suka daina yarda su zauna mana, ban kuma ga laifinsu ba. Amma na gaji da ganin matan ƙauyukan Gangara da Tsamaye a kan babur, an ɗaure su da zane a bayan mai tuƙi, ana neman wanda zai duba su.

Akwai wata tsohuwar jami'a can gabas da mu, mai ji da kanta, da ke karɓar ɗalibai 'yan kaɗan daga wasu jami'o'i su koma likitanci. Sharaɗinta, sai wanda ya gama aji ɗaya kawai. Da ka taka aji biyu, shi ke nan, ƙofa ta rufe maka har abada. Makina ya kai, na cika fom. Saura in kai musu takardar sakamakona da hannuna, a cikin ambulan da jami'armu ta rufe.

Wata biyu ina zarya kafin takardar nan ta fito. Ranar da akawun jami'armu ya miƙo mini ita, ya nuna hatimi uku da aka buga a bakin ambulan ya ce, "Kin ga waɗannan? Ko ɗaya ya tsage, ta zama takardar tsire." Na ce na ji. Na sa ta a leda biyu, na kama hanyar garinmu Sabon Birni, don sai na haɗa da takardar shaidar ƙaramar hukuma, kuma ba ni da ƙafar yin irin wannan tafiya ban yi sallama da Baba ba.

Baba malami ne, a zaurenmu yake ba da karatu tun kafin a haife ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. A gidanmu takarda ba ta fita sai ta bi ta hannunsa, ko ta asibiti ce ko lasin motar Kawu. Zai buɗe, ya rubuta bisimilla da 'yar addu'a a kusurwar sama da tawadar allo, ya tofa, ya ninke. Na san wannan tun ina rarrafe. Abin da ke ci mini rai ke nan har yau, na sani sarai.

Da safe na durƙusa na ajiye masa jakar takarduna gaba ɗaya a gefen buzu, na ce za ni sakatariya in dawo. A raina na ce ai zai ga hatimi, ya tofa daga waje. Ta yaya zan kalli mutumin da manyan gari ke cire takalmi su zauna gabansa, in ce masa ga abin da ba zai taɓa ba?

Na dawo bayan azahar na tarar da shi yana fara'a. Ya yanka bakin ambulan da aska, tsaf, ta tsakiyar hatiman nan uku. Ya rubuta addu'arsa a saman sakamakon, sannan ya maida ya liƙe da ƙaron da yake haɗa tawada.

Ya ce, "Uwata, ban iya karatun bokonku ba, amma na duba ban ga jan biro ko guda ba. Allah shi yi miki albarka."

Na ce, "Amin, Baba. Na gode." Na shige ɗaki na cusa fuskata cikin filo don kada a ji ni.

Kwana huɗu ya rage a rufe karɓa. Wata takardar kuwa sai wani wata biyun. Sai na ce bari in gwada, wataƙila a dace da mai tausayi. Hanyar garin Isa ba ta biyuwa a makon nan, 'yan bindiga sun tare motoci har sau biyu. Kawu, ƙanin mahaifiyata, mai safarar kaya zuwa kasuwannin Nijar, shi ya ce in shigo motarsa. Muka tsallaka iyaka, muka yi dogon zagaye ta ƙasar mutane, muka sake shigowa Nijeriya ta wani gefen, duk don in je wata jami'a ta ƙasata. Ina zaune a kan buhun dabino, jakar tana kan cinyata, na kasa cin komai.

Ranar ƙarshe muka isa. Wata dattijuwa mai farin gilashi ce ke karɓa. Ta juya ambulan ta duba bakinsa, ta ɗago ta dube ni. Ta buɗe, ta zaro takardar, ta tsaya a kan rubutun Baba. Na ga leɓenta na motsi, ashe karantawa take. Da ta gama ta ce amin a hankali.

Ta ce, "'Yata, wa ya rubuta?"

Na ce, "Mahaifina."

"Na sani. Nawa uban ma haka yake yi mana, Allah ya ji ƙansa. Amma ambulan a buɗe, ga rubutun hannu a kan sakamako. Ko na karɓa, 'yan kwamiti ba za su kalle ta sau biyu ba, ni kuma a ce na haɗa baki da ke."

Na roƙe ta. Na durƙusa a ƙasan ofis gaban 'ya'yan mutane, ni da ba na son a ga hawayena. Na ce ta duba makin, ai ba a taɓa ko ɗaya ba. Ta ce ta gani, kuma ya fi na mafi yawan waɗanda ta karɓa. Da ma ba ta faɗi wannan ba! Ta maida mini takardar da hannu biyu, ta kira na bayana.

Kawu ya yi ta faɗa a mota, ya zagi jami'ar, ya zagi boko, sannan ya ce shi zai gaya wa Malam gaskiya don kada ya sake yi wa wani. Na ce, "Kawu, don girman Allah ka bar shi. Idan ya ji, ba zai ƙara iya ɗaga alƙalami ba." Sai da na sa ya rantse kafin na ƙyale shi.

Da muka dawo gida na samu Baba a zaure, ɗalibai sun tashi. Ya ce, "Mi sunka ce?"

Na ce, "Sun ce gurbi ya cika, Baba."

Na zaci zai ce haka Allah ya so, kamar yadda yake ce wa kowa. Sai na ji muryarsa ta canza.

"Laihina na, Uwata. Rannan gaggawa nika yi, mutane na jira, gajeruwa nir rubuta miki. Baɗi ki kawo mani ita da wuri, in zauna in cika ta gaba da baya."

Babu wani baɗi, sati uku ya rage in shiga aji biyu. Na dubi hannunsa, duk tawada a yatsun. Na ce, "To, Baba."