Hannun Kawu Bahago

Duk wanda ya saba bin titin Kibiya zuwa Rano da safe a shekarun baya ya san abin da zan faɗa. Kana tafe a hannunka, a mota ko a babur, sai ka hango wani siririn tsoho bisa baƙin keke, hula ta zame ƙeya, ya ɗaure ƙafar wando ɗaya da tsumma, ya nufo ka kai tsaye kamar wanda aka aiko wajenka. Ba zai kauce ba. Kai ne za ka kauce, kuma in kun gifta ya girgiza kai ya ce, "Allah ya shirya." Wannan shi ne Kawu Ɗanjuma na Tarai, wan mahaifiyata, wanda kuka fi sani da Bahago.

Ba bahago ba ne fa. Da dama yake cin tuwo, da dama yake gaisawa. Abin da ya faru, ya koyi keke tun ana bin hagu a ƙasar nan. Da gwamnatin soja ta ce kowa ya koma dama, kowa ya koma, har masu jakai, ban da Kawu.

Nakan ce masa, "Kawu, ai an canja hannu tun ina goye."

"Wa ya canja?"

"Gwamnati."

"An shawarce ni?"

"A'a."

"To."

Wannan "to" ɗin ita ce ƙarshen zance. Limamin garinsu ya yi masa magana, dagaci ya yi, mahaifiyata ta yi har da hawaye. Amsar ɗaya ce: ba a shawarce shi ba. Direbobin hanyar suka gaji suka haddace shi kamar yadda suka haddace ramukan titi. In sabon direba ya shigo layi, akan ce masa, "Akwai rami bayan gada, akwai kwana wajen gonaki, sannan akwai Bahago."

Ga maƙo. Shi dai tattali yake kiransa. Na taɓa raka shi wajen mai faci a Kibiya. Mutumin ya zaro tub ɗin, ya jujjuya, ya ce, "Baba, ban ga inda zan liƙa ba. Duk faci ne, tub ɗin ya ƙare."

Kawu ya ce, "To ai ka ga ya zama sabo ke nan. Liƙa a kan ɗan'uwansa."

Ƙararrawar kekensa kuwa kullum sai ya goge ta da toka tana ƙyalli, amma ban taɓa jin ƙararta ba. Wai in ana kaɗa ta za ta gaji. In ya taho bayan mutane sai ya yi da baki, "Ƙililin, salamu alaikum." Har awakin Tarai sun san wannan ƙililin ɗin.

Da siyasa ta dawo, wani ɗan takara ya shigo yankinmu da jerin motoci, ana ta kiɗa. Suka yi kiciɓis da Kawu a hanya. Motoci suka dare masa gida biyu. Ɗan takarar ya ga tsoho mai furfura, ya ce bari ya nuna ladabi, ya sauko ya durƙusa.

"Baba, me kake so mu yi maka in mun hau?"

"Ku mayar mini da hannuna."

Mutumin ya dubi hannayen Kawu, ya ga biyu cif. Sai da aka raɗa masa. Ya yi dariya ya ce, "Baba, wannan ai ba a hannun ƙaramar hukuma yake ba."

Kawu ya ɗora ƙafa a feda ya ce, "Ita ma ƙuri'ar ba a hannunka take ba."

Muna ta dariyar abin, amma kowa a cikinmu ya san wata rana za a ji babu daɗi. Ranar ta zo da damina, dawa ta yi tsawo ta rufe kwanar nan ta kusa da Kibiya. Wani direban bas mai suna Ilu, yaro ne natsattse, bai daɗe da fara bin hanyar ba, ya taso daga Rano da fasinja. Yana shan kwana sai ga Kawu a gabansa. Ya taka birki, ya karkata har tayarsa ta faɗa kunya, amma gefen motar ya ɗebi keken. Kawu ya yi sama ya faɗa gonar gyaɗa. Ƙafa ta karye, haƙori ɗaya ya fita, fitilar bas ta tarwatse, wilin keke ya lanƙwashe kamar faifan da aka zauna a kai.

Ina shagon ɗinkina a Rano aka zo aka gaya mini. Kafin in isa mutane sun kewaye Ilu, ana ta hayaniya, wasu har sun ɗauki sanda. Kun san al'adarmu: in babba ya kaɗe ƙarami, babban ne mai laifi, ba a tambaya. Ilu na tsaye yana ta "Innalillahi". Na tsuguna a kan Kawu, na ce, "Kawu, sannu. Ina ke maka ciwo?"

Ya buɗe ido ya ce, "Habu, duba mini ƙararrawar nan, kada wani ya taka."

Aka kai shi gidan maɗori aka ɗaure ƙafar. Fasinjoji kowa ya kama gabansa. Magana ta bi ta inda za ta bi, ta tsaya a kotun shari'a.

To lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, kowa ya zama malamin diyya. Wanda ko Ahalari bai sauke ba sai ka ji yana ƙidaya raƙuma. Babban ɗan Kawu, Yaya Sabo, shi ne kan gaba. Ya jiyo a wajen wa'azi cewa haƙori ɗaya raƙuma biyar ne, ya zo ya zauna a bakin tabarmar Kawu yana lissafi da yatsu.

"Baba, wannan haƙori kaɗai fa. Ba a zo kan ƙafa ba."

Kawu ya ce, "Raƙuma biyar? A ina za mu ɗaure su? Wa zai ba su abinci?"

"Ai kuɗinsu ake bayarwa, Baba."

"Haƙorin nan tun bara yake girgiɗi. Sau biyu ina zuwa wajen wanzami, muka kasa daidaitawa a kan ladan cira. Yaron nan ya cire mini kyauta."

Yaya Sabo bai yi dariya ba. Ba na ganin laifinsa sosai, mutum ne mai iyali, kuma uban nasa ne kwance. Ya bi ya ja kunnen kowa: in an je kotu, kada wanda ya tayar da zancen hannu. Mota ta kaɗe tsoho, shi ke nan. Kuma wa zai tayar? Babu mutumin Tarai da zai tsaya gaban alƙali ya ce Malam Ɗanjuma ne bai da gaskiya. Shi kansa Kawun kusan shekara talatin yana cewa duniya ce ta bar hanya. Ba mai tsammanin zai canja baki don wani direba.

Ilu kuwa kusan kullum sai ya zo dubiya. Ya zauna a bakin zaure, ya yi gaisuwa, wani lokaci da 'yar fura a kwano, ya tashi. Rannan ina wurin, Kawu ya ƙura wa ƙafafunsa ido, duk sun yi futu-futu.

"Kai yaro, a ƙasa ka zo?"

"E, Baba. Daga Kibiya na tako."

"Ina motar?"

Ilu ya sunkuyar da kai. "Mai ita ya karɓi makulli. Ya ce in kotu ta ɗora mini laifi, in nemi wani aikin, kuma diyya ba ruwansa."

"Me kake ci yanzu?"

"Ina ɗan dako a tasha."

"Kana da iyali?"

"Da mata, da jariri, da tsohuwata."

Kawu ya juya fuska bango. Da Ilu ya tafi na ce, "Kawu, ka ji tausayinsa ko?" Ya ce in rufe masa baki in miƙo masa buta. Amma furar da Ilu ya kawo, shi da ba ya barin ko ɗigo a kwano, ranar bai taɓa ta ba.

Ranar shari'a muka ɗauko shi a amalanke har bakin titi, sannan muka sa shi a mota. Aka zaunar da shi a kan benci, ƙafa a miƙe cikin karare. Yaya Sabo ya yi bayani tiryan-tiryan, bai manta raƙumi ko ɗaya ba. Ilu ya ce shi a hannunsa yake, amma ba shi da shaida sai Allah. Alƙalin dattijo ne mai sanyin magana, kuma ba ɗan yankin ba ne, bai san Bahago ba. Ya dubi Kawu.

"Malam Ɗanjuma, ta wane hannu kake tafiya?"

"Ta hannuna, Allah ya gafarta Malam."

Yaya Sabo ya yi ajiyar zuciya. Ni kuwa wallahi zuciyata ta karye, don na ga Ilu ya runtse ido.

Alƙali ya ce, "Wanne ne hannun naka?"

Kawu ya dubi ƙafarsa, ya dubi rufi, ya gyara hula, ya sake gyarawa. Na san mutumin nan tun ina rarrafe, ban taɓa ganin magana ta yi masa nauyi a baki irin na ranar ba. Can ya ce:

"Hagu na bi. Yaron nan a hannunsa yake. Ya ma yi ƙoƙari, har gona ya shiga don ya kauce mini. Laifina ne."

Yaya Sabo ya ce, "Baba..."

"Zauna, mai raƙuma."

Sannan ya ɗaga yatsa wajen magatakarda. "Amma a rubuta, ranar da aka canja hannun nan ba a shawarce ni ba."

Alƙali ya sa hannun riga ya rufe baki. Da ya samu kansa ya ce an ji, kuma Ilu ba shi da laifi, babu diyya a kansa, ya je ya karɓi makullinsa. Muka ɗauka an gama. Ina! Kawu ya ce saura fitilar motar da ya fasa, shi zai biya. Kawu fa, wanda ke raba ashana gida biyu. Ilu ya durƙusa yana hawaye ya ce ya yafe. Kawu ya ce ba tasa ba ce balle ya yafe, ta mai mota ce, kuma in ba a biya ba daga cikin abincin jariri za a cire. Ilu ya ce to shi ma sai ya gyara keken. Kawu ya ce ba a gyara masa keke a sadaka. Suka kama musu, kowa na neman a ɗora masa. Alƙali ya bar su suka yi mai isarsu, sannan ya ce Kawu ya biya fitila tunda haƙƙi ne, Ilu kuma ya gyara keke tunda kyauta ce, ba a mayar da hannun kyauta baya.

Kawu ya ce, "Na yarda. Amma a dawo mini da tsohon wilin."

Tunkiyarsa ya sayar, wadda ya fi ji da ita, ya biya kuɗin fitilar. Bai taɓa ambatar ta ba daga baya, ko sau ɗaya.

Da ƙafa ta warke muka zuba ido mu ga ko Bahago zai koma dama. Ranar kasuwar Rano sai ga shi ya fito, keke ya sha gyara, ƙararrawa na ƙyalli, yana tafe ta hagu kamar kullum. Amma ba a kai yake ba. A ƙasa yake, can gefen kwalta, yana tura shi yana ɗingishi.

Na ce, "Kawu, me ya samu keken?"

"Lafiyarsa ƙalau."

"To ka hau mana."

"Na faɗa gaban alƙali hawa ta hagu laifi ne. Ba na mayar da magana."

"To ka hau ta dama."

Ya harare ni. "Na ce maka an shawarce ni?"

Haka ya yi har ƙarshen rayuwarsa. A hanyoyin gona yakan hau abinsa, amma da ya iso kwalta sai ya sauka ya tura. Mun yi dariya, mun tsokane shi, muna ce masa keke ne ke hawansa. Amma ni abin yakan sosa mini rai, don na san yadda yake son ya ji iska na kaɗa masa riga in ya kama gangare. In Ilu ya riske shi a hanya yakan tsaya ya ce, "Baba, shigo in rage maka." Wani lokaci ya shiga, a ɗora keken a saman bas, ya zauna gaba yana gaya wa Ilu cewa duk a karkace yake tuƙi.

Ya rasu bayan 'yar gajeriyar jinya. Hanyar maƙabarta sai an ɗan bi titi kafin a ratse. Muka fito da makara, kuma wallahi ba wanda ya shirya, sai muka tsinci kanmu muna tafe ta hagu. Wani ya ce, "Jama'a, mu koma ɗaya hannun, motoci na tahowa." Kafin mu motsa sai ga bas ta sha gabanmu, ta gindaya a titi ta tare hanya. Ilu ya diro, ya ɗaga wa motocin hannu, fuskarsa sharkaf da hawaye, ya ce, "Ku bar shi a hannunsa." Sannan ya zo ya sa kafaɗa.

Keken yana nan a zauren Yaya Sabo. Rannan na je, na sa yatsa a kan ƙararrawar, na ce bari dai yau in ji muryarta. Na kasa.

Allah ya jiƙan Kawu Ɗanjuma, ya yafe masa, ya sa ƙafar nan da tunkiyar nan su tsaya masa. Allah ya ba shi littafinsa a hannun dama. Kawu, don Allah wannan karon ka karɓa, ko ba a shawarce ka ba.