Tayoyin Mai Faci

A duk unguwar, Mai Faci ake ce masa, har matarsa ma idan ranta ya ɓaci. Rumfarsa tana bakin titi, da injin iska da guduma da wani benci mai ƙafa uku da rabi. Mutum ne mai hannu, ba ya ha'inci a aiki, sai dai Allah ya ɗora masa hali guda: bai iya yar da taya ba. Ko ta suɗe kamar tafin hannu sai ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya ce wata rana za ta yi amfani. Da rumfa ta cika sai ya koma gungura su gida, yana jibgewa a bayan ɗakin yara, daidai ƙarƙashin taga.

"Baban Auta, tayoyin nan fa," in ji matarsa duk damina.

"Abincinki suka ci?" Iyakar amsarsa ke nan.

Sauro kuwa ya yi musu yawa a gidan, kuma Mai Faci ya riga ya yanke wanda ya jawo shi: maƙwabcinsa mai wanki, da ruwan kumfar da yake zubarwa a kwata. Ya sha tsayawa a ƙofar mutumin yana zazzaga masa faɗa, har jama'a su taru suna ba shi haƙuri.

Ana cikin haka Auta ta kwanta. Ita ce ƙaramarsu, ko makaranta ba ta shiga ba. Aka sayo magani a kemis, jiki ya ɗan yi sanyi, ya sake ɗaukar zafi. Wata safiya ta fara jijjiga, idanunta suka juye, suka kwashe ta sai asibiti. Likita ya ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau mata kai.

Nas ɗin da ke ɗaura mata ƙarin ruwa ta tambaye shi, "Baba, akwai inda ruwa ke kwanciya a gidanku?"

"Babu," ya ce da ƙarfinsa. "Maƙwabci ne ya addabe mu."

Matarsa ta dube shi, ta sunkuyar da kai.

Da rana ya koma gida ɗauko musu kayan sawa, sai ga wani direba ya biyo shi yana neman tsohuwar taya ta maneji. Mai Faci ya zaga baya har da ɗan farin ciki, ga ranar amfanin ta zo. Yana ɗaga tayar farko baƙin ruwa ya kwararo masa a ƙafa, 'ya'yan sauro suna ta wutsil-wutsil a ciki. Ya ɗaga ta biyu, haka. Ta uku, sauro ya tashi duu ya nufi tagar. Ya tsaya riƙe da tayar, direba na magana ba ya ji.

A ranar ya kwashe su kaf. Wanda ya fito ya kama masa shi ne mai wanki. Kunya ta hana Mai Faci ko kallon fuskarsa. Matarsa kuma har yau ba ta ce "ai na gaya maka" ba, kuma wannan ya fi ci masa rai. Da ma ta zage shi ya huta.

Auta ta tashi, Allah ya yi da sauran kwana. Ranar da aka sallamo su ya rufe rumfa da wuri. Ya same ta zaune a tabarma, ta ba ƙofa baya, ta rame sai wuya.

"Auta!" ya kira. Ba ta juyo ba. Ya ƙara ɗaga murya. "Autar Baba!"

Matarsa ta leƙo daga kicin. "Ka zo ta gabanta," ta ce a hankali. "Likita ya ce ciwon ya taɓa kunnen. Sai an ga abin da hali ya yi."

Ya zagayo ya durƙusa a gabanta. Yarinyar ta washe baki, ta yi magana da ƙarfi fiye da kima.

"Baba! Yaushe ka shigo? Ko sallama ba ka yi ba."