Tafiyata Malanbil Ɗauko Malam

Bagudo

Ana kiran assalatu muka fito daga gida, ni da Yaya Umaru, yayan maigidana. Tun la'asar ɗin ranar da ta gabata aka bugo waya daga Malanbil, cikin Jamhuriyar Benin, cewa Malam, maigidan nawa, ya samu hatsari. Ya kai albasa kasuwa, ana cikin sauke kaya buhuna suka zamo daga saman mota suka danne masa ƙafa. Wanda ya bugo ya ce har ƙashi ya fito waje.

Ni malamar firamare ce. Sadda aka ce kowane ma'aikaci ya buɗe asusun karɓar albashi, na je Birnin Kebbi, ma'aikaciyar bankin ta lallaɓe ni na buɗe irin wanda suke kira karant. Ta jero mini garaɓasar da ke ciki, a kan ɗan abin da za a riƙa cira duk wata: littafin cek, saƙon waya kyauta, da inshorar tafiya ta ni da mijina idan ciwo ko hatsari ya same mu a wata ƙasa. Lambar da za a kira tana bayan katin cirar kuɗi. Katin nan shi na fara sakawa a jaka, kafin zane da buta.

A tasha muna jiran mota ta cika, Yaya Umaru ya matso kusa da tagar baya inda mata ke zama.

"Malama, ni maɗori nika so mu kai shi. Mu azo shi bisa mashin, kahin magariba muna wurin maɗorin Kaoje. Wagga inshora taki, ai caca ta."

Na ce, "Yaya, takaful ce, ta taimakon juna. Na tambayi liman tun sadda na buɗe asusun. Kuma ƙashin da ya tsaga fata ba na maɗori ba ne."

"To, mu tahi mu gani," in ji shi, ya koma gidan gaba.

Illo

Rana na fitowa muka haye gadar Tuga. Masunta har sun ja taru, shinkafar rani ta yi kore shar a fadamun Kaoje, amma ni ban da idon kallo. Mun wuce shingen kwastan biyu. A na biyu jami'in ya leƙo, direba ya ce, "Masu zuwa duba marar lahiya na, ranka ya daɗe." Ya ɗaga mana hannu.

Da hantsi muka iso Illo. Yaya ya tsaya shan koko da ƙosai, ni kuwa na koma gindin wata darbejiya na kira lambar. Wata mata ta ɗauka daga Legas, muka yi magana da Turanci. Na faɗa mata mijina na kwance a asibiti a Benin. Ta ce ta yi mini jaje, amma inshorar ba ta shafi tafiyar cikin gida ba.

"Wane cikin gida?"

"Ai Benin a jihar Edo take."

Na ce, "Baiwar Allah, ba waccan ba. Ƙasar Kwatano nake nufi, inda ake cin kasuwa da sefa."

Sai ta tambaya me ya kai mutumin Kebbi can ba ta Legas ba. Na ce mata mu nan ƙasar waje ta fi babban birnin jiharmu kusa. Ta ce to, a aiko da rahoton likita, kuma kada a ɗaga marar lafiya sai sun sani.

Lolo zuwa Malanbil

Daga Illo wata tsohuwar mota ta kai mu Lolo, bakin iyaka. Na canza kuɗin hannuna zuwa sefa, jami'in shige da fice ya duba katinmu ya yi mana fatan samun sauƙi. Kabu-kabu ya kai mu Madekali, daga nan muka samu motar kasuwa. Ana sallar azahar muka shiga Malanbil.

Na tarar da Malam a kan gado, ƙafar naɗe da bandeji, ta kumbura ta yi sumtum. Da ya gan ni sai ya ce, "Wa ya bar ki kika zo?" Na ce ni na bar kaina. Ya juyar da kai yana share ido.

Likitan Faransanci yake ji. Allah ya haɗa mu da Inna Gambi, wata Badandiya mai sayar da kifi da ke jinyar jikarta, ita ta tsaya tsakani: ma'aikacin jinya ya faɗa mata da Dandanci, ta mayar mana da Hausa. Likitan ya ce sai an yi aiki an sa ƙarfe. Ciwon ya fara ruwa, in aka aza shi bisa mashin ƙafar na iya tafiya gaba ɗaya. Kuma ba a shiga ɗakin tiyata sai an biya, ko wani kamfani ya aiko da tabbacin zai biya. Kuɗin da suka faɗa ya fi ƙarfin abin da muka zo da shi nesa ba kusa ba.

Layina ya daina aiki tun daga Madekali. Inna Gambi ta miƙo mini wayarta, na sayi kati na kira, aka ba ni adireshin aika rahoto. Akawun asibiti ya tura musu ta na'urarsa. Aka ce in jira. A gidan Inna Gambi na sauka, ɗaki ɗaya da 'ya'yanta mata, ta ba ni tuwon masara da miyar kuka da kifi busasshe. Da na zaro kuɗi ta harare ni.

"Ɗiyata, mayar da abinki. Gobe ni ce baƙuwa a Bagudo."

Komawa bakin iyaka

Washegari har hantsi ba labari. Zazzaɓi ya rufe Malam. Yaya Umaru ya ja ni waje.

"Malama, mutanen ga ba su zuwa. Bari in koma gida in kai shanun noma kasuwa."

Na san in shanun nan suka tafi, damina mai zuwa gidaje biyu ba su noma. Kuma kafin ya je ya dawo, wa ya san halin ƙafar? Na ce, "Yaya, ba ni lokaci zuwa la'asar."

Katin wayar Benin cinye kuɗi yake kafin a gama gaisuwa. Don haka na sake hawa mota da kabu-kabu na koma Lolo, inda layina ke kamawa. Na zauna a bencin mai shayi na kira. Suka ce rahoton da Faransanci yake, ana neman mai fassara. Na ce a haɗa ni da oga. Aka ce yana taro. Na ce zan jira shi a kan layi. Suka katse, na sake kira. Suka sake katsewa, na sayi wani kati. Mai shayin ya jona mini wayar a injinsa ina riƙe da ita a kunne.

Da ogan ya zo na ce masa, "Yallaɓai, duk wata kuna cirar haƙƙinku a albashina, ban taɓa cewa ku jira ba. Yau ƙafar mijina ce. Kuna da likita? Ƙashi ba shi da Faransanci, ku kira asibitin ya yi magana da ɗan'uwansa. Ba zan ajiye wayar nan ba."

Ya ce in ba shi lambar asibitin. Ina nan zaune, la'asar ta yi, saƙo ya shigo cewa sun aika da tabbacin biya. Na karanta, na sake karantawa. Mai shayi ya turo mini kofi ya ce, "Sha, Hajiya, tun ɗazu ba ki haɗiyi ko miyau ba."

Da na koma asibiti har an shiga da Malam. Yaya Umaru na tsugune a ƙofa da carbi. Ya ɗago ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Malama." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ni ma ban nemi ƙari ba.

Gida

Sai da ƙafar ta saɓe likita ya sallame mu. Ba komai inshorar ta ɗauka ba: albasar da ta lalace da kuɗin motata da abincinmu duk namu ne. Amma sun biya aiki da magani, sun kuma ɗauki motar asibiti ta kai mu Lolo. A nan muka yi shatar ƙaramar mota, aka kwantar da kujera, na tallabe ƙafar a cinyata duk ramin da muka shiga. Kafin magariba muka sake haye kogi, muka iso Bagudo muka tarar da ƙofar gida cike da mutane. Mahaifiyar su Malam ta fito ba ko takalmi, ta shafa ƙafar tun daga gwiwa har yatsu tana ƙirga su da baki.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya maido mu. Ina gode wa Inna Gambi da 'ya'yanta, da likitan da ban iya faɗin sunansa daidai ba, da mai shayin Lolo. Malam ya daɗe yana dogara sanda. Ranar da ya jingine ta a zaure ya taka zuwa masallaci da ƙafarsa, na tsaya a bayan ƙyaure ina kallonsa har ya sha kwana.