Ranar da Baba Ya Tuɓe Hula

Jiya jikata ta nuna mini hoton Baba a wata mujalla, ana ta yabon gwanintar mai ɗaukar hoton. Baba ko bakin zaure ba ya leƙawa sai da hularshi mai ƙamshin turare. A shekarun fari mai hoton nan ya sauka gidanmu a Badagishiri, muka dama mishi sauran furarmu. Ya ce, "Baba, tuɓe riga da hula, in ɗauki hotonka, a buro, ofishinmu, kaɗai za a gani, a kawo muku hatsi." Baba ya ce, "Ka sha furarmu, na yarda da kai."

Ya tuɓe, aka ɗauki hoton. Hatsi bai zo ba. Haƙarƙarin Baba mutumin ya yi ta tallatawa har ya yi suna. Allah ya jiƙan ka, Baba, ya bi maka hakkinka.